Tsarin Rasad na bin diddigin magani a Saudiyya, yadda na same shi a wajen aiki

Jama'a masu tambaya akan ɗan murabba'in nan mai ɗigo-ɗigo da ke jikin kwalin magani a nan Saudiyya, to shi ne ƙofar tsarin da ake kira Rasad, na hukumar abinci da magunguna ta ƙasar, tun wajen 2019 ake aiki da shi. Ni a saidaliyya, wato kantin magani, nake a Jidda, ɓangaren sito da karɓar kaya, kullum hannuna na ciki shi yasa nace bari in faɗi yadda na gan shi.

Kowane kwali yana da lambarsa shi kaɗai, ba wai kowane nau'in magani ba fa, a'a kowane kwali ɗaya. Cikin ɗigon nan akwai lambar kayan, da lambar siriyal, da lambar rukunin da aka haɗa su tare a masana'anta, da ranar lalacewa. Kamfanin da ya yi shi ko ya shigo da shi zai sanar da hukuma, in ya tura wa dillali a sanar, dillali ya turo mana a sanar, mu kuma dole mu shiga muce eh mun karɓa, in an sayar a sanar, in ya lalace ko an mayar duk sai ya shiga, hatta sito da shago kowanne da lambarsa.

Gaskiya abin da ya fi burge ni shi ne kwali baya sayuwa sau biyu. Ko mai jabu ya kwafi lambar kwali na gaske ya buga a dubu, da zarar na farko ya fita sauran sun zama shara. Kuma in aka gano matsala a wani rukuni aka ce a janye shi ba sai an bi gari ana cigiya ba, an san shagon da yake zaune. Mu da muka san ɓarnar da kodin da taramol suka yi wa yaranmu a Arewa har gwamnati ta hana maganin tari mai kodin a 2018, wallahi in naga katan baya iya ɓacewa ba tare da sunan wani a kansa ba sai inji dama a gida ne. Lambar kankarewa ta NAFDAC da ake turawa ta tes ta taimaka, amma ita mai saye kawai take gaya wa na gaske ne, bata faɗin hannun da ya bi.

Irin wannan dabarar ce ma wasu jihohin Amurka suke yi da wiwi inda suka halatta ta, Kolorado da ta fara sayarwa a Janairun 2014 da Kalifoniya duk wani tsarin bin diddigi mai suna Metrc suke amfani da shi, kowace shuka da tambarinta a maƙale tun tana ƙarama har ta isa kanti. A nan kam haramun ce kuma hukuncinta mai tsanani ne, na kawo ne don ko can kasuwar bayan fage bata mutu ba, tsarin abin da ya shigo ta ƙofa kaɗai yake gani. Haka nan ma, ƙwayar maye ta kaptagon da ake kamawa a kan iyaka ai bata taɓa shiga rajistar kowa ba.

Wahalar kuwa a kanmu take ƙarewa. Akwai wani dillali da ya sha kawo mana kaya bai riga ya tura sanarwa ba, ga katan a gabanka ga mai ciwon suga yana tsaye yana jira amma a kwamfuta kayan basu iso ba, sai kai ta buga waya. Wani lokacin ɗigon ya goge ko sitika ta hau kansa sikana taƙi karantawa, lokacin Umrar azumi da shago ke cika abin ba daɗi sam. Manyan shaguna masu rassa basu ji ba don komai nasu a haɗe yake, ƙaramin shago ne ke jin kuɗin sikana da na manhaja. Duk da haka in aka ce in zaɓa bazan koma zamanin littafi da biro ba.

Alhazai da 'yan Umra don Allah ku sayi magani a saidaliyya, kar ku karɓi na hannu da ake yawo da shi a masauki tunda wannan ba wanda ya san daga ina ya fito. Ku duba ɗigon da ranar lalacewa a jikin kwali, akwai kuma manhajar Tameni ta hukumar da zaku sa a waya ku duba bayanin maganin da farashinsa kafin ku biya.