Daren da wutar injin ɗumama gidanmu ta ƙi zama: sharhi kan aikin mai gyara

Gidan da muke ciki a birnin Miniyafolis na Amurka tsoho ne, injin ɗumama shi ma na ƙarshen shekarun 1980 ne, irin mai 'yar ƙaramar wuta da ke ci dare da rana a cikinsa, wadda a nan ake kira failot. Ita ce ke kunna manyan bakunan wuta duk sanda ɗumin gida ya gaza abin da aka saita a bango. Sababbin injuna da lantarki suke tashi, ba ruwansu da ita, amma irin namu in ta mutu komai ya tsaya.

Wani daren Juma'a cikin Janairu uwargida ta tashe ni wajen ƙarfe uku. "Abban yara, tashi ka duba, hancin yarinyar nan kamar ƙanƙara." Sanyin waje ya haura digiri 20 ƙasa da sifili. Na sauka ɗakin ƙasa da tocila, na fara shinshinawa, domin gas ɗin nan ana zuba masa wari irin na ruɓaɓɓen ƙwai, kuma wanda ya ji warin ba kunna ashana zai yi ba, fita zai yi da iyalinsa ya kira masu gas daga waje. Ban ji komai ba. Na murɗa makunnin zuwa OFF, na jira minti biyar, na mayar da shi PILOT, na danna, na kunna, na riƙe kusan minti ɗaya. Ina saki ta mutu. A karo na uku ta zauna, bayan minti goma ta sake ɗaukewa.

Da gari ya waye na sayo tamokofil mai tsawon inci 24 a kan dala 14. Wata siririyar sanda ce mai wayar jan ƙarfe, kanta na cikin harshen wutar. Zafin ne ke sa ta fitar da ɗan lantarki da bai wuce milibolt 30 ba, shi ke riƙe bawul ɗin gas a buɗe. In ta huce, bawul ya rufe don kada gas ya cika gida. Kowa ka tambaya ita zai ce ka canza, ni ma na canza. Kafin azahar wutar ta sake mutuwa, sai na kira wani kamfanin gyara na unguwarmu.

Bari in fara da abin da ya ɓata min rai. Sun ce mai gyaran zai iso tsakanin sha biyu da huɗu, bai zo ba sai gab da bakwai na dare, ba wanda ya kira ya ba da haƙuri. Kuma matar da ta ɗauki waya ba ta faɗa min cewa kuɗin fitowa ranar Asabar dala 160 ne ba, tun kafin a taɓa sukuru ɗaya. Wuni guda muka yi cunkushe a ɗaki ɗaya da hitar lantarki, famfuna na ɗiga don kada ruwa ya daskare a bututu. Uwargida ta so a buɗe oben a bar shi yana ci, kamar yadda ake shigar da kaskon garwashi ɗaki a Kano lokacin hunturu. Na hana, saboda gidajen nan a toshe suke ruf, iskar kabon monoksaid kuwa ba ta da wari ko launi.

Aikin kansa kuwa, ban da abin cewa sai yabo. Kafin ya kwance komai ya zaga da na'ura yana neman yoyon gas da waccan muguwar iskar. Sannan ya kunna failot ɗin, ya durƙusa, ya ce in matso in gani da idona. Wutar rawaya ce, laƙwas, tana karkata gefe, da ƙyar take lasar kan sandar. Ni a daren duka damuwata ta kama ko ba ta kama ba, ban taɓa duba launinta ba. Ya ciro bakin failot ɗin ya haska shi da tocila: hujin bai kai kafar allura ba, ƙura da kunkunniya sun kusa rufe shi. Ya hure shi da iska mai ƙarfi, ya gargaɗe ni kada in taɓa zura masa allura ko waya, domin in hujin ya faɗaɗa wutar za ta lalace gaba ɗaya. Da ya mayar, sai ga ta shuɗiya, a miƙe, ta lulluɓe kusan rabin inci na kan sandar. Ya sa mita ya nuna min yadda lantarkin ya tashi zuwa inda ake so. Ashe tsohuwar tamokofil ɗin lafiyarta ƙalau, zafi ne ba ya isa gare ta.

Abin da ya fi burge ni shi ne bai tsaya nan ba, sai da ya nemo inda ƙurar ke fitowa. Injin busar da tufafi yana nan kusa, tiyonsa ya kwance daga baya, yana ta feso gashin yadi cikin ɗakin. Ya kuma lura na ɗaure nat ɗin sandar fiye da kima. Da yatsa ake ɗaure shi, sannan a ƙara kwatan zagaye da sifana. Ya leƙa tukunyar zafin ciki, wato sashen injin da ke ɗaukar zafin wutar, ko ta tsage, ya ce ba ta tsage ba. Ya faɗa min gaskiya cewa injin ya tsufa, yana shan gas fiye da na zamani, amma bai matsa min in sayi sabo ba, ko kalma ɗaya.

Zan sake kiransu, sai dai wannan karon zan tambayi kuɗin fitowa tun a waya. Yau sati uku ke nan wutar ba ta mutu ba. Tiyon injin busarwar na ɗaure shi da kaina, na canza batirin na'urar gano hayaƙi da ke bakin ɗakin yara, kuma na sa sunanmu a layin masu son a share musu injin a watan Oktoba.