Albashi ko rabon kuɗin ƙofa: besbol a Amurka, 1869

Ƙungiyar besbol (wasan dukan ƙwallo da sanda) ta Cincinnati Red Stockings ta zaɓi albashi, inda ɗan wasanta George Wright ya karɓi dala 1,400 a kakar 1869. Da yake kuɗin tabbas ne, 'yan wasa sun samu sukunin atisaye da doguwar tafiya har San Francisco, ba wanda ya doke su duk shekarar. Illar ita ce albashi ba ya jiran 'yan kallo: da aka fara cin su a 1870, jama'a suka ja baya, aka sallami 'yan wasan.

A ƙungiyar Brooklyn Atlantics kuwa kuɗin ƙofa ake raba wa 'yan wasa. Kulob ba ya cin bashi, amma ranar ruwan sama aljihu wayam. Su ne dai suka fara doke Cincinnati, 8 da 7, ran 14 ga Yuni 1870.