Kalifar dijital mai milimita 150: wata goma sha ɗaya a kan teburin aikina

Ƙofa ce ta sa na sayi wannan ma'auni. Kwana uku na yi ina haɗa ɗan ɗaki na kwali da katakon balsa saboda wani sojan roba mai gaɓoɓi da nake da shi, irin waɗanda ake rubuta wa inci 6 a jikin kwalinsu. Duk wanda ke harkar nan ya san inci 6 sikelin ɗaya bisa 12 ke nan, wato girman abin gaske a raba gida 12. Sai na buga lissafina: ƙofar gaske mita 2 ce, wato milimita 2000, a raba gida 12, ya ba ni 167. Na yanka, na goge da sanfefa, na shafa fenti har sau biyu. Da na tsayar da sojan a bakin ƙofa, hularsa ta tokare da sama. Ɗana yana tsaye a bayana, ya ce, "Baba, sai dai fa ya sunkuya."

Da na auna sojan, ba hula, sai ga milimita 165, alhali inci 6 cif 152.4 ne. In mutumin da aka kwaikwaya tsawonsa santimita 180 ne, to 1800 a raba da 165 ya ba da 10.9. Ashe sojana ya fi kusa da ɗaya bisa 11, kuma ƙofar da ta dace da shi milimita 183 ce. Ana cewa ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. Nawa idon dai bai ga waɗannan milimita 16 ba sai da fenti ya bushe.

Abin da na saya kalifa ce, ma'aunin nan mai baki kamar sifana da ake gani a hannun makanikai da masu aikin ƙarfe. Tawa ta ƙarfe ce marar tsatsa, da ɗan allo mai nuna lamba, da maɓallai uku: na kunnawa, na sifili, da na sauya milimita zuwa inci. Babu sunan kamfanin kirki a jikinta, irin waɗanda masana'antu da yawa ke bugawa iri ɗaya ne. Ta zo a cikin akwatin roba da batir LR44 guda biyu. Tana nuna awo har zuwa 0.01 na milimita. Wannan fa ƙanƙantar abin da take nunawa ne, ba daidaitonta ba. Takardar da ta zo da ita ta ce tana iya kaucewa da 0.02 ko 0.03. Na gwada ta a kan batir CR2032, wanda sunansa ma awonsa ne, faɗi milimita 20, kauri 3.2. Ta ba ni 19.97 da 3.18. Ga mai yankan roba da wuƙa, wannan ya isa har ya yi yawa.

Awo huɗu take yi, ni kuwa sai da na yi wata biyu ina amfani da biyu kawai. Babban baki na auna kaurin abu daga waje. 'Yan ƙahonin sama na shiga cikin rami su auna faɗinsa. Akwai siririyar wutsiya da ke fitowa ta ƙarshe idan an buɗe bakin, ita ke auna zurfi. Na huɗun a bayan kai yake, inda ƙarfe biyu ke goga juna, da shi ake auna tudu ko 'yar matakala.

Inda ta fi yi mini rana shi ne gaɓoɓi. Wuyan hannun sojan nan ya taɓa karyewa, ɗan turken robar da ke riƙe da hannun ya tsinke a cikin rami. A da, sai in ɗebo bakunan dirili in yi ta gwadawa har in faɗaɗa ramin in ɓata shi. Wannan karon na sa ƙahoni a rami, 3.02. Na sa wutsiya, zurfi 5.5. Na ɗauko wani sandan tagulla da na ɗauka milimita 3 ne, ya ƙi shiga. Da na auna shi sai ga 3.17. Ashe ɗaya bisa takwas na inci ne, wanda a lissafi yake 3.175. A ido ba ka raba su, amma ramin ya raba su. Haka abin yake da 'yan maganaɗisun da ake binnewa a hannu ko a makami: wani da milimita aka yi shi, wani da inci, mai sayarwa kuma ya rubuta abin da ya ga dama.

Akwai wata dabara da maɓallin sifili da ya kamata a rubuta ta da manyan baƙaƙe a kan akwatin. Ka kama turke da babban baki, ka danna sifili yana kame, sannan ka auna ramin. Lambar da za ta fito ita ce bambancin da ke tsakaninsu kai tsaye, ba ka buƙatar ɗebewa. In ta nuna 0.10, turke zai shiga ya zauna. In ta nuna alamar ɗebewa a gaba, sai ka ɗauko sanfefa. Wannan maɓallin kuma shi ne ya taɓa cuta ta. Yana daidai inda babban yatsa ke sauka, na danna shi ban sani ba, na yanka allunan roba shida kowanne da ragin milimita biyu. Tun daga ranar, kafin kowane awo sai na rufe bakin na ga 0.00.

Sauran laifuffukanta ba ɓoyayyu ba ne. Tana shan batir ko a kashe take, don maɓallin kashewa allon kawai yake rufewa, cikinta na nan yana aiki. Batirin farko bai kai wata huɗu ba lambobi suka fara ƙyaftawa. Yanzu SR44 nake sa mata, girmansu ɗaya da LR44 amma ƙarfinsa ba ya sauka da wuri, kuma in zan daɗe ban taɓa ta ba sai in zare shi. Murfin batirin sako-sako ne, na ɗaure shi da ɗan salatif. Ba ta son danshi: in hannunka da gumi ya taɓa doguwar sandar, lambobi su kama tsalle, sai ka goge da busasshen ƙyalle ta dawo hayyacinta. Bakinta kuma kaifi ne da shi. Ta taɓa yi wa murfin injin wata 'yar mota ɗaya bisa 24 zane a kan fenti, abin ya tsaya mini a rai kwana biyu. In abu mai fenti zan auna, sai in manna siririn salatif na takarda a baki biyun, in rufe, in danna sifili. Roba mai laushi, irin ta kai da tafin hannu, tana lotsawa in ka matsa, ka samu 7.9 yanzu, anjima 8.2. Ka bar bakin ya taɓa kawai.

Wani abin dariya: sojan da ya sa na saye ta, ba ta iya auna shi gaba ɗaya. Bakinta bai wuce 150 da 'yan kai ba. Da rular ƙarfe na samu 165 ɗin nan. Mai tara manyan sojojin roba na inci 12, ɗaya bisa 6, girman da kamfanin Hasbro ya fito da sojansa G.I. Joe a 1964, ya riƙe rularsa don tsawo, kalifa ta yi masa aikin wuya da takalmi da maɓallin riga.

Abin da ba za ta yi maka ba shi ne lissafin sikeli, kuma a nan ne na ga mutane suna rikicewa fiye da wajen awo. Daga abin gaske zuwa ƙarami, ka mayar da komai milimita ka raba da lambar da ke bayan "bisa". Mutum mai santimita 180 zai zama milimita 300 a ɗaya bisa 6, 150 a ɗaya bisa 12, 100 a ɗaya bisa 18, wajen 51 a ɗaya bisa 35, 25 a ɗaya bisa 72. Daga wani sikeli zuwa wani kuwa, lambar wanda kake da shi za ka raba da lambar wanda kake so. Zanen jirgi na ɗaya bisa 72 kana son sa a 48: 72 a raba da 48, ka buga fotokwafi a kashi 150 cikin ɗari. Daga 35 zuwa 48, kashi 73. In ka juya su, abin da kake son ya girma sai ya ƙanƙance. Masu firintar 3D su tuna cewa in an ninka tsawo sau biyu, ciki sau takwas yake ninkuwa, rezin ɗin, wato ruwan robar da firintar ke ci, shi ma haka.

Yawancin lambobin nan daga inci da ƙafa aka haife su. Ɗaya bisa 12 inci ɗaya ne a madadin ƙafa ɗaya, ɗaya bisa 48 rubu'in inci a ƙafa, ɗaya bisa 72 inci ɗaya a ƙafa shida. Shi ya sa maɓallin sauya awo yake da amfani, ko da yake inci ɗaya 25.4 ne cif, kowace kalkuleta za ta yi. Ɗaya bisa 35 ne bare a cikinsu: kamfanin Tamiya na Japan ya ƙera 'yar tankar wasa samfurin Panther daidai yadda batura za su shiga cikinta, da aka auna sai ta faɗo a kan 35.

Ni da na fi wasa da ƙananan sikeli yanzu, kauri ne ya fi damuna. Allon roba mai milimita ɗaya a ɗaya bisa 35 santimita uku da rabi ne a zahiri. Ka yi murfin akwati da shi, sai ya fito kamar ƙofar banki. A ɗaya bisa 72, kuskuren rabin milimita ya kai santimita 3.6. Rula ba ta ganin wannan.

Wani abokina mai aikin injin sassaƙa ƙarfe ya ara mini kalifarsa ta kamfanin Mitutoyo na mako guda. Tafiyarta sumul kamar an shafa mata mai, ba ta manta sifilinta, batirinta kuma ya ce shekaru yake yi. Na auna abu goma da su biyun, bambancin bai wuce 0.02 ba ko sau ɗaya. Da ƙarfe nake sassaƙawa da ita zan saya. Kalifofin roba masu nuna 0.1 kuwa ba sa zana fenti, amma tsakanin 3 da 3.175 ba za su ba ka amsar da za ka dogara da ita ba. Tsohuwar irin nan marar batir, mai layukan da Bafaranshe Pierre Vernier ya ƙirƙiro a 1631, ba ta mutuwa, sai dai idona ya daina karanta ta da dare. In za ka sayi irin tawa, ka duba tana da ɗan sukurun kulle awo a sama, ka rufe bakin ka ɗaga ta wajen haske, in haske na ratsawa tsakani ka ajiye ta.

Ƙofar dai na sake ta a milimita 183, na ɗaga kujerar ɗakin daga 37.5 zuwa 41. Tsohuwar ƙofar tana cikin akwatin tarkace, ina jiran ranar da zan samu sojan da ya cika inci 6 na gaskiya.