Faifan ajiya ko Google Drive?

Masu shago a Garwa da Marwa, ajiye kwafin bayanai nesa hanya biyu ce. Faifan waje, wato faifan ajiya da ake jonawa da kwamfuta, sau ɗaya za ka saya, ba ruwansa da rezo (intanet), amma fa in yana durowa ɗaya da kwamfutar to gobara ko ambaliya irin ta Njamena a 2022 tare za ta kwashe su, dole a kai shi wani gida kuma mutum sai ya manta. Google Drive kuwa, ma'ajiyar Google da ke intanet, giga 15 kyauta, da kansa yake kwafa, sai dai akwai shan data, kuma abin da ka goge a kwamfuta can ma kwandon shara zai faɗa, bayan kwana 30 ya ɓace. Ni dai takardun kuɗi Drive, bidiyo faifai.