Lourdes ko Fatima: wanne ya kamata mai ziyarar ibada ya zaɓa?

Mabiya ɗarikar Katolika da ke tara kuɗin ziyarar ibada zuwa Turai sun sha tambayata wurin da ya fi dacewa, Lourdes ta Faransa ko Fatima ta ƙasar Fotugal.

A Lourdes ne yarinya Bernadette Soubirous ta ce Budurwa Maryamu ta bayyana gare ta sau 18 a shekarar 1858. An tsara garin domin marasa lafiya, akwai masaukai na musamman da masu aikin sa-kai da ke tura su a keken guragu har bakin kogon Massabielle, wurin bayyanar, inda ake ɗibar ruwan marmaro, kuma Coci ta amince da warkarwa sama da 70 da aka danganta da wurin.

Fatima kuwa labarinta na yara makiyaya uku ne da suka ce Maryamu ta bayyana gare su a 1917, kuma ibadarta ta fi karkata ga tuba da addu'ar rosari, wadda ake yi da carbi, har akan ga masu tafiya a kan gwiwoyinsu. Cunkoson bikin tunawa da bayyanar a 13 ga Mayu da 13 ga Oktoba na iya wahalar da tsofaffi.

Biza iri ɗaya ce, ta Shengen, wadda ke ba da izinin shiga ƙasashen biyu. Masauki da abinci sun fi sauƙi a Fotugal, sai dai jirgin ƙasa daga Faris yana kai mutum Lourdes kai tsaye.

Mai rakiyar majinyaci ko dattijo, a ganina Lourdes ce tasa. Wanda guzurinsa bai da yawa, yana kuma neman natsuwa, ya nufi Fatima a ranakun da ba na biki ba.