In-N-Out Burger: gidan abincin da ya ƙi faɗaɗa jadawalin abincinsa

A jihar Kalifoniya ta ƙasar Amurka, da wuya a yi hirar boga, wato burodi mai gasasshen nama a tsakiya, ba a ambaci In-N-Out ba, kuma mutanen yankin suna kare shi da irin kishin da ake kare abin gida. Harry Snyder da matarsa Esther ne suka buɗe shagon farko a garin Baldwin Park a shekarar 1948, wata 'yar rumfa ce da ko wurin zama babu, inda direba yake faɗin abin da yake so ta na'urar magana da Harry ya haɗa da kansa, sannan ya matso da motarsa ya karɓa. Har yau kamfanin yana hannun iyalin, jikarsu Lynsi Snyder ce ke jagorantarsa, kuma ba su taɓa sayar wa wani ɗan kasuwa izinin buɗe reshe da sunansu ba.

Abin da ya fi jan hankalina a wurin shi ne gajartar allon abincin. Akwai boga mai nama ɗaya, akwai mai nama da cuku, akwai Double-Double mai nama biyu da cuku biyu, sai soyayyen dankalin Turawa, da lemon kwalba iri-iri, da madarar da aka kaɗa da askirim mai ɗanɗanon cakulan ko vanila ko sitiroberi. Babu kaza, babu kifi, babu karin kumallo. A ganina nan ne ƙarfinsu yake, kamar mai tsiren da ya shekara talatin a bakin tukubarsa bai taɓa haɗa sana'arsa da wata ba, har hannunsa ya san wuta fiye da idonsa.

Double-Double ce ta cancanci a fara da ita. Naman siriri ne, an gasa shi a kan faffaɗan ƙarfe har gefensa ya yi ja, cukun ya narke ya kama shi, a ƙasa kuma ga yankan tumatur mai kauri da ganyen latas mai sanyi wanda yake ƙaras-ƙaras a baki. Burodin yana da laushi, amma an ɗan gasa cikinsa domin kada miyar da suke shafawa, mai ɗan zaƙi da ɗan tsami, ta jiƙa shi ya dagargaje a hannu. Ana miƙo ta a naɗe cikin takarda rabinta a waje, yadda mutum zai ci ba tare da ya ɓata hannu ba. Ma'aikacin zai tambaya ko ana son albasa, kuma shawarata ita ce a nemi soyayya, domin zaƙinta yana daidaita gishirin cukun.

Wannan ɗanɗano yana da dalili. Kamfanin ba ya amfani da daskararren nama, shagunansa ba su da firiza ko na'urar ɗumama abinci, kuma shi da kansa yake niƙa naman a cibiyoyinsa, kamar ta Baldwin Park da ta Dallas a jihar Teksas. Saboda haka ba ya buɗe reshe sai a inda motar kaya za ta iya kai sabon nama cikin ɗan lokaci. Shi ya sa sai a 1992 ya fita daga Kalifoniya a karon farko, zuwa Las Vegas, ya isa Teksas a 2011, kuma reshensa na 400 bai samu ba sai a ƙarshen 2023 a jihar Idaho, alhali McDonald's yana da rassa sama da 13,000 a Amurka kaɗai.

Masu zuwa kullum suna da wasu sunaye da ba a rubuta a allo ba, ko da yake kowane ma'aikaci ya san su. Wanda ya ce Animal Style za a gasa masa naman da mastad, wata miya mai ruwan ɗorawa da ɗan tsami, a ƙara miya da soyayyar albasa da kokwamba mai tsami. Wanda ya ce Protein Style za a naɗe masa naman a ganyen latas maimakon burodi. Na farkon ya fi daɗi nesa ba kusa ba, ko da yake yana da nauyi a ciki.

Dankalin ne abin da aka fi saɓani a kansa. A gaban idon mai saye ake dannan ɗanyen dankali a injin yanka, a jefa shi a mai sau ɗaya, wanda hakan ya sa yake da ɗanɗanon dankali na gaskiya, amma ba ya ƙaras-ƙaras sosai, kuma da zarar ya huce sai ya yi laushi. Mafita ita ce a roƙi a bar shi ya ƙara soyuwa, kuma a ci shi nan take kafin a taɓa bogar.

Akwai abin da ya kamata matafiyi Musulmi ya sani. Babu naman alade a jadawalin ko kaɗan, amma naman shanun ba shi da shaidar halal, don haka mai kiyaye yanka zai iya neman burodi da cuku da ganye ba tare da nama ba, ya haɗa da dankalin, wanda shi kaɗai ake soyawa a man. Haka kuma a ƙarƙashin kofin lemo an buga lambar wata aya ta Littafi Mai Tsarki, Yohanna 3:16, da ƙananan haruffa, al'adar da iyalin suka daɗe da ita.

Farashin yana da sauƙi idan aka kwatanta da sauran gidajen boga, ma'aikatan sanye da fararen kaya da jan ƙyalle a ƙugu suna da fara'a da hanzari, amma layin motoci yakan yi tsawo ƙwarai da tsakar rana, musamman a reshen da ke kusa da filin jirgin saman Los Angeles. Mai sauri gara ya ajiye mota ya shiga ciki, ko ya jira sai bayan ƙarfe biyu.