Taswirar Turai ta 1914 da ake sayarwa a Birnin Kebbi: ta yi, amma sai an gyara

Malaman tarihi da ke koyar da Yaƙin Duniya na Ɗaya za su ci karo da wannan taswirar bango a shagunan littattafai na Birnin Kebbi. An lulluɓe ta da leda, kuma sunayen ƙasashe na karantuwa daga bayan aji.

Babban amfaninta shi ne ɗalibi na gani da idonsa yadda Jamus ke tsakanin Faransa da Rasha. Da ya ga haka, ba sai an sha wahalar bayyana masa dabarar Schlieffen ba, wato shirin yaƙin Jamus: a murƙushe Faransa da sauri ta hanyar Beljiyam kafin Rasha ta gama tara sojojinta, sannan a juya gabas. An kuma nuna Bosniya a cikin Ostiriya-Hungari, wadda ta haɗiye ta a 1908, ga Sarayebo kusa da iyakar Sabiya, inda Gavrilo Princip, wani matashi Basabiye ɗan Bosniya, ya harbe Franz Ferdinand, magajin sarautar Ostiriya-Hungari, ranar 28 ga Yuni, 1914.

Matsalar tana wajen launi. An shafa wa Italiya launin Jamus saboda ƙawancen da ta ƙulla da Jamus da Ostiriya-Hungari a 1882, alhali ta ƙi shiga yaƙin a 1914, kuma a 1915 ɓangaren Faransa da Birtaniya ta bi. Yaro zai haddace kuskure ke nan. Jerin ranakun da ke gefe ma ya yi tsalle daga kisan zuwa 28 ga Yuli, ranar da Ostiriya ta ƙaddamar da yaƙi kan Sabiya. To ina tabbacin goyon bayan da Jamus ta ba Ostiriya a farkon Yuli? Ina wa'adin awa 48 da Ostiriya ta ba Sabiya ranar 23? A wannan watan ne fa aka yanke shawarar yaƙin. Sai malam ya rubuta su a takarda ya manna, ya ƙara da umarnin tara sojojin Rasha na 30 ga Yuli, da shigar Birtaniya ranar 4 ga Agusta kan yarjejeniyar 1839 da ta kare Beljiyam.

Babu Afirka ko kaɗan, duk da cewa sojojin Najeriya sun yaƙi Jamusawa a Garwa da Mora ta Kamaru.

Naɗe ta ake yi, kada a ninke, don ledar na tsagewa a kan ninki. Kada kuma a rataye ta inda rana ke bugawa, zafin bazara na ɗaye bakin ledar, ƙura ta shige ciki.